Jininki Ya Wanke Ki

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida Inna da zaman jinya a Kaduna. Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, bakina kuma ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya, na zarge ki.

Kin tuna lokacin karyar masara, da muka dawo daga gonarmu ta Kuyello kika tsuguna bayan rumbu kina amai? Daga nan cikinki ya fara tasowa, ke kuma kina ramewa. A littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a ƙasan akwati, budurwar da ta yi haka abu ɗaya ke damunta. Ban tambaye ki ba. Na ba ki babban hijabina, na ce naki ya koɗe. In Inna ta tambaya, sai in ce kin cinye tuwonki, alhali kaji na zuba wa. Har gaida Malam Sani na daina yi in ya zo zance wajenki, bawan Allah.

Wata biyu ina ganin asirinki nake rufawa. Ashe ciwon nake rufa wa asiri.

Da Baba ya dawo daga kai ki asibiti, ya ce likita ya ɗebi jininki da ruwan cikin, aka auna wani sinadari, wai shi enzayim, wanda ke hawa idan cuta ta kama cikin mutum. Naki ya hau ƙwarai. Wai tarin fuka ne, amma a ciki ya zauna, ba a ƙirji ba. Likitan ya ce da an kawo ki da wuri, da ba a kai ga kwanciya ba. 'Yar kwalbar jinin da ba ta kai yatsa ba ta fi ni saninki, ni da muke kwana katifa ɗaya.

Ɗakin ya yi mini faɗi, Yaya. Kitson da kika yi mini ya tsufa, na ƙi tsefewa. Ba mai leƙowa ya ce, "Ke Ladidi, ajiye littafin nan kafin miya ta ƙone." Jiya ma ta ƙone.

Allah Ya saukar da abin da ya hau a jininki, Ya dawo mana da ke ta hanyar dajin nan lafiya.

Sau uku ina kai takardar nan bakin murhu ina fasawa. Ɓoyo ne ya kai ki gadon asibiti, ba zan ƙara wani ba. Ranar Laraba Baba zai bi ayarin motoci ya koma wajenku. Zan sa masa ita a hannu tare da garin kununki. Ki karanta, in kin iya ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Ladidi