Kafin a Taɓa Kan Gwadabe

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga jikata Zulfa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Kailani da yara. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa ku gama lafiya. Mu nan da sauƙi. Gwaggonki Jannatu ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Zancen ƙanena Gwadabe ne. An ga ƙari a ƙwaƙwalwarsa, likita ya ce yana dab da jijiyoyin da magana ke bi, sirara kamar zare. Kafin a yi aiki sai an ga inda suka ratsa, kada wuƙa ta taɓa su. An sa shi cikin na'urar nan mai ƙara da ke ɗaukar hoton cikin kai, ga jikinsa na rawa, sai hoton ya fito dishi-dishi. Likita ya ce yanzu akwai kwamfutar da ta kalli kawunan mutane masu yawa har ta koya, in an ba ta hoto maras kyau sai ta cike inda ya ɓace. Jannatu ta ce ai karatun da ya raba ki da gida ke nan. Har gobe ban yarda da tafiyar nan ba, amma yau ke zan tambaya.

Na ce wa likita, kawunan su wa ta kalla, akwai na Bazazzagi a ciki? Ya ce bai sani ba. To ni na san hanyar da muke bi zuwa Gyallesu kafin gine-gine. Yaran yanzu in ka tambaye su, sai su nuna maka inda ya kamata ta bi, ba inda ta bi ba. Tsorona ke nan. In an bar ƙarin ya ci shi, in an yanka bisa zato ya tashi bebe. Gida kuwa an zuba mini ido, wai ni ne babba. Mu biyu muka rage da muka san sunayen kakanni da wanda ya haƙa rijiyar gidan nan. In na manta, shi ke tuna mini.

Don Allah ki faɗa mini gaskiya, in kanki ne, za ki yarda? Ni dai dabarata ta ƙare.

Mutanen gida, Hajiya Zinariya da Juwairiyya, suna gaishe ku. Gwadabe ya ce a tambayi amaryarsa, wato ke, me ya yi mata ta gudu ta bar shi. Ki kira shi a waya makon nan, ki bar shi ya yi ta surutunsa, kada ki katse shi.

Kakanki,
Baba Nagoda.