Bishiyar Baba Reinhold

Laraba, 9 ga Oktoba

Surukina, Baba Reinhold, ya bugo waya wai in shirya takalmin tafiya, ranar Lahadi za mu shiga daji. Ni da shi kawai. Na tambaya ko Torsten zai zo, ya ce ɗansa ba ya cikin gayyar. Mutumin da tun da na auri ɗansa hirarmu ba ta wuce ruwan sama da tayoyin mota ba. Me na yi?

Juma'a, 11 ga Oktoba

Torsten dariya ma ya yi, wai kaɗaici ne ke damun tsoho tun rasuwar matarsa, Mama Irmgard. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ya zo da sandunansa na tafiya, da burodi da dafaffen ƙwai. Nawa ya naɗe shi daban, babu alade, abin da bai taɓa tunawa ba. Muka bi ta bayan gonakin da aka girbe, muka haye tudu, shanu na binmu da kallo. Bini-bini sai ya tsaya yana haki, ya ce taswira yake dubawa. Hanyar da ya haddace tun yana yaro.

Can cikin daji sai ya fara shafa bishiyoyi kamar mai sayen rago. Wannan ta karkace, waccan ba ta samun rana. Na zaci katako yake nema, har da bakina na ce mai kaurin nan za ta yi teburi. Sai da na lura da ƙananan alluna a jikin wasu, da sunaye da shekaru, sannan na gane. Maƙabarta ce. A ƙona mutum, a binne tokarsa a gindin bishiya, ba dutsen kabari ba fure. Na sha jin labari a gidan tsofaffin da nake aiki, amma ban taɓa tsayawa a ciki ba.

Ya dafa wata doguwar bishiya ya ce, "Wannan fa, Rakiya? Me kika gani?"

"Baba, ni za ka tambaya? Mu wanke mutum muke yi, mu naɗe shi, mu kwantar da shi."

"Shi ya sa. Ke kina iya maganar mutuwa ba ki kauce ba. Torsten da na fara sai ya tashi duba mota."

Ya ce likita ya ga abu a huhunsa. Ya ce ba ya so ya ɗaure kowa da ban ruwan fure duk Asabar, yadda shi yake yi a kabarin Mama. Ni yake so in faɗa wa Torsten. Daga nan ya ɓare ƙwai ya miƙo mini gishiri. Kuma na ci.

Litinin, 14 ga Oktoba

Torsten ya tambayi yaya tafiya. Na ce ƙafafuna na ciwo.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Kaina ya kulle. In na kai saƙon, na sa hannu a ƙona mutum ke nan? In na ƙi, na bar tsoho shi kaɗai da ciwonsa. Na kira Yaya Hanne a Zariya don in tambaye ta, muka ƙare da hirar tsadar shinkafa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na faɗa. Torsten ya ce wurin babansa na gefen kabarin mamarsa, an gama magana. Sannan ya ce, "Me ya sa ke ya faɗa wa?" Ya ɗauki riga ya fita. Haushi nake ji, ban ma san na wa ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Mun koma mu uku. Uba da ɗa a gaba, ni a baya. Ganye ya zube, bishiyoyin duk sun zama iri ɗaya, Baba ya rikice yana ta juye-juye. Ya dafa wata, ya sake ta. Torsten ya kawar da kai, idonsa ya yi ja.

Har yanzu ban yarda da ƙonawar nan ba, Allah ya sani. Amma ni ce na ce, "Ba wannan ba ce, Baba. Taka na can gaba." Kuma ni na kai su.