Darduma a Ɗakin Cuku

Podvelež, ƙarshen Mayu

Zuwa ga Ramiza, uwar gidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Mersiha da mijinta da ɗan baƙon da ya zo duniya. Yaya jikin mai jego? Yaya gwiwarki da matakalar benen nan nasu na Graz? Mu nan lafiya lau. Tumaki sun ƙoshi, ni ne dai na rame, don Belma surukarki tana tsoron gishiri kamar ita ke haƙo shi.

Na san za ki ce me ya hana in buga waya. Ai na buga ran Juma'a. Daga sallama kika karɓe zancen, ban sake samun ƙofa ba sai da kika ce in gai da kowa. Shekara arba'in da ɗoriya ina neman inda zan kai magana ƙarshe, sai yanzu na gano takarda ce.

To ga labari. Kin san tun da maƙwabtanmu na bakin teku suka shiga Tarayyar Turai, cukunmu da muke cusawa a salkar fatar tunkiya bai sake ƙetare iyaka ba. Frane mai gidan abinci a can, wanda ubansa ya yi ciniki da ubana, sai dai mu gaisa hannu wofi. Yanzu magana ta tabbata, bana za a buɗe wa madara da cuku hanya, amma sai waɗanda ɗakin aikinsu ya gamsar da masu bincike. Ashe dai ba don kyawun gemuna gwamnati ta shimfiɗa mana tayil a sabon ɗakin cuku ta kawo tukunyar ƙarfe da na'urar sanyi ba. Mako mai zuwa yarinyar nan ta ma'aikatar gona, Vildana, za ta zo ta leƙa kafin manyan su iso a ƙarshen damina.

Ki kwantar da hankalinki, ɗakin yana nan yadda kika bar shi. Dardumar da kika gada wurin innarki tana shimfiɗe, labule na rataye, saƙar kwarashinki tana bisa murfin tukunya, kofunan gahawa suna jere a kan teburin ƙarfe. Kullum da safe sai na buɗe na duba na rufe. Ran nan Hata maƙwabciyarmu ta zo kallo, ta cire takalmi tun daga tsakar gida, ta ce ko asibitin birni albarka. Na ba ta gahawa a ciki, amma a tsaye ta sha, kuma hannuna na ƙarƙashin kofin.

Cuku kuwa muna yi a tsohuwar bukka kamar kullum. Sau ɗaya Belma ta tambaye ni ko ba a cikin sabon ɗakin ya kamata a riƙa haɗa madarar ba. Na ce ta tambaye ki. Ta ɗauki madarar ta nufi bukka. Ni fa na je taron horon da suka yi mana a gari, kuma duk da kujerar ta yi laushi na ɗan gyangyaɗa, abin da na riƙe shi ne tsabta, tsabta, tsabta. To wa ya kai ɗakinmu tsabta?

Ɗanmu Edhem yana kan dutse da garke. Da safe ya sauko da madara ya ajiye a ƙofa ya juya. Ba ya yawan magana kwanakin nan. Na ji ƙishin-ƙishin mijin Mersiha ya samo masa aikin gini a can. Idan kin ji suna zancen, ki yi musu tarin nan naki da ke kashe hira. Ɗa namiji ɗaya gare mu, kuma ni kafaɗata ta daina ɗaukar salka.

Ki sumbaci goshin jaririn a madadina. Kowa na gaishe ki.

Naki har kullum,
Nezir

*

Podvelež, farkon Yuni

Ramiza tawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kuma jaririn ya fara barinku barci. Muna lafiya, sai dai ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, ki kuma ajiye duk abin da ke hannunki idan mai fashewa ne.

Vildana ta zo. Na sa rigar Idi, Edhem ma ya tsaya bai koma dutse ba. Na buɗe mata ƙofar da kaina, na ce ta shiga da bismillah. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi darduma, ta dubi labule, ta ɗaga saƙarki da yatsa biyu ta leƙa tukunya. Takardar kamfani tana manne a gindinta har yanzu. Sai ta shaƙi iska kamar mai neman abin da ya ƙone. Na ga dariya ta taho mata, ta danne, daga baya dariyar ta tafi da kanta.

Ta ce, "Baffa Nezir, to ina kuke yin cukun?"

Ni kuma da alfaharina na kai ta bukka. Ta ga hayaƙi, ta ga akushin katako, ta ga kyanwar Hata a kan taga tana lasar baki. Yarinyar nan mai ladabi ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta zaunar da ni a kan kututture kamar ita ce babba, ta yi mini bayani dalla-dalla. Wai masu binciken ba kallon ɗaki za su zo ba. Cukun da aka yi a cikinsa, ya nuna a cikinsa, shi za su ɗiba su auna. Na ce ai mun adana shi ne don kada su same shi da datti. Ta ce gidanmu ne na uku a kwarin nan, wai a wani gidan ma ta tarar an ajiye kayan auren budurwa a cikin na'urar sanyi. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, na tambaye ta gidan wa, ta ƙi faɗa.

Amma ke ma kin san lissafin. Salka sai ta kwana wata biyu zuwa uku kafin cuku ya nuna, nonon tumaki kuma ya fara ja baya. Mun zubar da mafi kyawun madarar shekara a bukka.

Edhem ya jira sai da motarta ta sha kwana. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya shiga ɗaki ya sauko da akwatin tafiya daga saman kabad, ya kaɗe ƙura, ya ajiye a bayan ƙofa. Sannan ya ce, "Baba, na gaji da sayar da cuku rabin kuɗi a bakin titi. Idan bana bai kai wurin Frane ba, a sayar da garken."

Yanzu ga wurin da za ki yi fushi. Mun naɗe dardumar. Ni na kama wancan bakin, Edhem ya kama wannan. Belma ta cire labule da saƙa, ta wanke ta goge ta jera a akwatinki da ganyen ƙamshi, tana waige-waige kamar mai satar kayan masallaci. Ta ce in gaya miki ni na sa ta. To ni na sa ta. Washegari da aka juye madarar farko, ɗigo ya fantsama a kan tayil, wallahi sai da na waiga ko kina bayana.

Vildana ta dawo kwana biyu a jere tana koya mana, ba ta karɓi ko kwabo ba, wai aikin da aka turo ta ke nan. Belma ce ta fi kowa kamawa, ashe duk shirun nan kai ne da ita. Salka ba a hana ba, alhamdu lillahi. A aske fatar, a wanke, a shanya ta a hayaƙin bukka kamar yadda muka saba, amma cusawa da ɗaurewa sai a sabon ɗaki. Ni kuwa an sa mini farar riga da takalmin roba da wata 'yar raga a gemu. Hata ta leƙo ta taga ta ce na yi kama da albasa a buhu. Na ce ita ko a buhun ba mai saye.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke kika shimfiɗa, ni na yi gadi, kuma duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san abu mai kyau na baƙo ne. Ki yi mana addu'a nono ya ɗan ƙara jimawa.

Gaisuwa ga Mersiha da mijinta, duk da haushinsa nake ji.

Mijinki,
Nezir

*

Podvelež, Satumba

Ramiza, abokiyar zamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya kuke, yaya ɗan mutumin namu? An ce ya fara dariya, kuma wai hancina ya ɗauko. Allah ya ba shi haƙurin ɗauka. Amsarki ta iso tun tuni. Na karanta inda kika ce ba za ki ƙara yi mini magana ba, na kuma karanta shafi huɗun da suka biyo baya.

Na yi shiru ne don ban so in rubuto miki rabin labari. Masu binciken sun zo, su biyu, da Vildana a bayansu tana yi mini ido kada in yi surutu. Suka goga auduga a tebur da bango, suka buɗe salka suka yanki kaɗan suka sa a kwalba. Ko ɗanɗanawa ba su yi ba. Na kawo gahawa suka ce sun gode. Mutum ya shigo gidanka ya taɓa cukunka ya fita da bakinsa a bushe! Na ce wa Edhem waɗannan ba za su yi mana adalci ba. Ashe sun yi. Bayan kwanaki Vildana ta hawo da kanta ta kawo lambar da za mu riƙa mannawa, ta ce ɗakin ya ci. A ranar dai ta sha gahawa, har kofi biyu, a tsakar gida.

Zan gaya miki gaskiya game da ɗanɗano, don ke ba a ɓoye miki. Ya ɗan bambanta. Ƙamshin fata yana nan, yajin nan da ke kama harshe yana nan, amma akwai wani abu na akushin katako da ya tafi. Na daɗe ina taunawa ina nemansa. Belma ta ce mai yiwuwa kyanwar ce.

Edhem ne ya kai kayan. Ya ce a iyaka sun duba lamba, sun auna sanyin motar, suka ɗaga masa hannu. Frane ya fito da ƙyallen girki a kafaɗa, ya rungume salkar kafin ya rungume shi. Ya bugo mini waya yana cewa tsohon ɓarawo, ashe kana raye. Na ce ina raye, kuma farashi ya tashi. Ya zage ni, na zage shi, muka rabu kowa na share ido.

Sai dai kayan kaɗan ne, Ramiza. Abin da muka samu daga ƙarshen nono bai kai sulusin na shekarar kirki ba. Edhem ya dawo ya ce ɗan wannan ba zai riƙe gida ya fitar da mu hunturu ba, kuma gaskiya ya faɗa. Akwatin yana nan bayan ƙofa. Mako guda ina wucewa ta gefensa kamar mai wuce kare mai barci. Ban roƙe shi ba. Na ga ba daidai ba ne in ɗaure saurayi da tausayin tsoho, bayan ni na jawo rabin abin.

Shekaranjiya ranar kasuwar dabbobi ce. Ya fita da sassafe da motar, bai ce mini ga inda za shi ba. Na ɗauka dillali ya tafi nema don a sayar da garken. Na zauna a kututture na kasa ko kunna taba. Wajen azahar na ji motar tana hawowa a hankali, ba irin tuƙinsa ba. Ya buɗe baya, sai ga rago ya diro, mai baƙar fuska, ƙaho ya murɗe sau biyu, ƙirji kamar ƙofa. Duk abin da Frane ya biya mu a kan ragon ya ƙare, har da ɗan ƙari daga ajiyar Belma.

Na zagaya shi, na buɗe bakinsa na duba haƙori, don kada yaron ya ga fuskata. Na ce ya yi tsada. Ya ce, "Jinin masu nono ne, Baba. Baɗi tun ranar farko a sabon ɗaki za mu fara."

Ki gaya wa mijin Mersiha ya ba wani aikin ginin, kuma na daina jin haushinsa. Ke kuma jegon nan ya isa haka. An saki ragon cikin garke jiya, ki dawo kafin sanyi ya rufe hanya, don haihuwar bana za ta yi yawa, kuma 'yan raguna ba sa karɓar kwalba a hannuna.

Kowa na gaishe ki, Belma ta fi kowa, tana kuma tsoro.

Naki, mai jiran ƙarar motar da za ta kawo ki,
Nezir