Digiri Ashirin da Ɗaya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na kira sau uku ka ce ba ka jin komai sai shuu, shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda.

Maganar mutuniyarka ce, jikarka. Ka san likita ya ce ƙashin bayanta ya karkace digiri talatin, ya sa aka yi mata rigar roba mai tauri da za ta riƙa sawa awa goma sha takwas kullum har ta gama girma. Mu a gida sulke muke ce mata. Baba, yarinyar nan ta wahala. Ya ci mata hammata, kuma a makaranta suna ƙwanƙwasa mata baya suna cewa da mutum a ciki?

Saboda ciwon ne na kai ta wurin wani mai gyaran baya. Yana kwantar da ita a kan wani gado siriri, ya danna nan ya murɗa can, ya koya mata motsa jiki. Ciwon ya ragu ƙwarai. Bayan wata biyu babanta ya kai ta ƙaramin asibitin bayan layinmu aka yi sabon hoton ƙashi, kuma a idonmu ya fi na farko miƙewa. Ganin likita sai nan da wata biyar. Babanta ya ce tunda muna da wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi, me za mu jira? Ga hotunan biyu. Ka auna mana. In ka ce a cire sulken, za a cire.

Ka huta lafiya.
'Yarka

*

'Yata,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta, ni ma haka.

Ashe akwai ranar da za a tuna ina da amfani. Makarantar da na ba ƙuruciyata agogon bango ta ba ni ranar sallama, shi ma ya tsaya kafin shekara.

Na manna hotunan a gilashin taga da salatif, na ɗora farar takarda mai shara-shara, na ja layi a saman ƙashin da ya fi karkata daga sama, na ja wani a ƙasan wanda ya fi karkata daga ƙasa, na auna kusurwar da suka haɗu. Aikin ɗan aji biyu ne, in ban da likitoci na yin sa da fuskar masu saukar da ruwan sama. Na farko talatin, kamar yadda suka ce. Na biyu ashirin da ɗaya. Sau uku na maimaita.

Lissafi ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa. Abin da ya sauka digiri tara cikin wata biyu ba ya bukatar a ɗaure yarinya kamar kayan da za a loda a mota. Likitan da ya duba mahaifiyarki wata takwas bai taɓa ɗaga kai ya ga fuskarta ba, kuma irinsu ɗaya ne duka. A cire.

Ki gaya wa mutuniyata na 'yanta ta, kuma ladana ta zo hutu ta share min ɗaki.

Mahaifinki

*

Baba,

Bayan gaisuwa. Ka yi haƙuri da shiruna na watannin nan.

Tela ne ya fara gani. Ya ɗinka mata riga, gefe ɗaya ya fi sauka, na mayar ina faɗa. Ya shimfiɗa rigar a tebur ya ce, “Uwar ɗaki, rigata daidai take, ki duba mai rigar.” Ta ƙara tsawo sosai, kafaɗar dama ta tashi.

Jiya muka ga likita. Arba'in da ɗaya. Bai yi faɗa ba, ya dai tambayi ina sulken, na ce yana saman kwaba. An auna ta za a yi sabo, tsohon ya yi mata kaɗan. Ya ce in ya wuce arba'in da biyar, sai maganar tiyata.

Mai gyaran bayan mun daina zuwa tun tuni, don kullum sai ya yi ta mita a mayar da sulke, har na gaji na ce masa mahaifina ya auna. Yau na koma da hotunan duka da wasiƙarka. Ya karɓi adireshinka.

'Yarka

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne mai gyaran bayan da ke duba jikarka. Ka gafarta min rubuto maka ba tare da mun san juna ba.

Na ga awonka, kuma layukanka sun fi nawa tsabta. Ashirin da ɗaya ne, babu shakka. Sai dai hoton farko a tsaye aka ɗauke ta, na biyu kuwa a kwance, don injin ƙaramin asibitin na kwanciya ne. Idan mai irin wannan baya ya kwanta, nauyin jiki ya sauka daga kansa, karkatar kan ragu a hoto, da ya miƙe kuma ta dawo. An rubuta a kusurwar hoton ta ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Da an nuna min shi a lokacin, da na faɗa.

Ni aikina in rage ciwo, in sassauta jiki, in koya mata riƙe kanta. Ban taɓa ce wa kowa hannuna na miƙar da ƙashi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Sabon sulke ya iso, ta ƙi sawa. Uwarta ta yi lallashi, babanta ya yi tsawa. Ni ta ce min, “Kakana ya auna, kuma shi bai taɓa kuskuren lissafi ba. Kai aji nawa ka koyar?” Saura mata kamar shekara ɗaya da rabi na girma, kuma a cikinsu ne abin zai tsaya ko ya wuce. Maganar mutum ɗaya kawai za ta ji.

Allah ya ƙara girma.
Mai gyaran baya

*

'Yata,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta zo, ta mutuminku ma ta zo. Yana da ladabi. Na fi son a zage ni.

Ban ga rubutun kusurwar ba, don a daidai wurin na manna salatif. Da kin aiko a ɗauki hotunan na ɓare shi ban duba ba. Har yanzu sawunsa na jikin gilashin.

Kwana biyu ina shirya amsar da zan wanke kaina. Cewa ba a gaya min ba. Cewa babanta ne ya zaɓi asibitin. Duk gaskiya ne, kuma duk banza. Shekara talatin da huɗu ina jan kunnen yara a kan abu ɗaya: kafin ka taɓa alƙalami, karanta tambayar har ƙarshe. Na ba ɗaruruwa sifili a kan haka, ban ji komai ba. Ba awo ne ya ruɗe ni ba. So nake likita ya yi kuskure, in zama ni na kama shi daga kujerata.

Ba na neman ki ce ba komai. Ga wata takarda a ciki, ki ba ta a rufe.

Mahaifinki

*

Mutuniyata,

Ina gaishe ki. Kin ce kakanki bai taɓa kuskure ba. Ya yi, kuma a bayanki ya yi shi. Hoton da na auna kina kwance aka ɗauka, don haka ashirin da ɗayan nan ba naki ba ne, na gado ne. Naki arba'in da ɗaya, kuma sha ɗayan da ya ƙaru ni na sa hannu a kansa.

Sulken yana da zafi, yana da muni, za su ci gaba da ƙwanƙwasa ki. Ba zan ce miki tabbas zai hana tiyata ba, na daina cewa tabbas. Amma shi ne abin da ya rage. Ki sa. Ki koma wurin mai gyaran bayan kuma, ya fi ni sanin inda iliminsa ya tsaya.

Sharar ɗakin na yafe.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Na karanta sau biyu. Na sa sulken shekaranjiya. Jiya na yi awa goma sha ɗaya, sha takwas ba yanzu ba.

Ban huce ba tukuna, kar ka ɗauka na huce.

Mai gyaran baya ya ce maɗaurin baya na uku ba ya kaiwa inda aka yi alama. Mama ce ke ɗaurewa, da na ce wash sai ta sassauta. Babana ma haka. Ka hau motar safe ka zo ka riƙa ɗaure min. Kai ba ka da tausayi.

Jikarka