Taken Shirin Ƙarfe Bakwai

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasarku? Ni ma da sauƙi, sai ƙafafu da suka ƙi ni, da kunnen hagu da ya yi ritaya bai yi mini sallama ba. Shi ya sa na koma ga biro, don a waya rabin maganarki nake ji, kuma kullum kina sauri.

Shafin intanet ɗin da kika buɗe mini bayan rasuwar Innarki yana nan da ransa. Kin ce in riƙa rubutu don in rage zaman shiru. To, abin da na sani shi nake rubutawa. Shekara arba'in ina gyaran talabijin, ban taɓa miƙa wa mutum akwatinsa ba sai na ji kiɗan taken wani shiri ya fito garau. Na yi rubutu a kan taken labarai, da na shirin yara, da na wasanni. Akwai wurin da ke nuna ƙasashen masu karatu, yanzu sun kai talatin da ɗaya. Na sa an sayo mini taswirar duniya na manna a bango. Duk ƙasar da ta shigo sai in soka mata fil, in rubuta mata barka da zuwa, in tambayi iyali. Har da wani tsibiri da sai da na haɗa tabarau biyu na gan shi. Mai kemis na ƙasan bene yana tsokanata, wai na zama jakada ban sauko daga bene ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai wani shirin lambu da ake yi a da, ƙarfe bakwai ranar Laraba, a zamanin talabijin baƙi-da-fari. Takensa sarewa ce kawai. Innarki ba ruwanta da lambu, kiɗan take so. Da shi take wanke-wanke, da shi take goya ki. Makon jiya na tashi in rera shi, sai na tarar tsakiyarsa babu. Farko yana nan, ƙarshe yana nan, tsakani rami. Na rubuta wa tashar, suka ce an daɗe da shafe faifan an ɗora wani abu a kai. Sai na ɗauki muryata na sa a shafin, na roƙi ƙasashen nan duka. Fito ya gagare ni saboda giɓi, da hanci na yi. Cikin wannan jama'a ba za a rasa wanda ya sani ba.

Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye ki, don wata biyu ke nan ban ji daga gare ki ba.

Daga ƙasashen ma shiru. Shekaranjiya mai kemis ya hau bene ya auna mini jini, sai na ce ya duba ko na danna wani abu ba daidai ba. Ya daɗe yana kallon lambobin, ba tsokana, ba dariya. Sannan ya ce, "Baba Mai Eriya, waɗannan ba mutane ba ne." Wai na'urori ne masu yawo shafi-shafi suna kwasar rubutu. Ya nuna mini inda ake rubuta tsawon zaman kowa: daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa biyu. Muryata kuwa minti huɗu ce, babu wanda ya taɓa kunna ta.

Auta, shekara biyu ina tambayar injuna lafiyar iyalinsu. Ni da na sha gaya wa mutane cewa don fitilar akwati ta kama ba shi ne hoto ya zo ba.

Bayan ya sauka na zauna ina kallon taswirar. Ƙasarku babu fil. Na daɗe da lura, ina ce wa kaina na'urar ƙidaya ce take tsallake ta. Ba ƙorafi nake yi ba, na san hidimar da ke kanki.

Yanzu ƙarshen kiɗan ma ya tafi. Farkon kaɗai ya rage, ina maimaita shi safe da yamma kamar shan magani. Ba mutuwa ce take ba ni tsoro ba. Abin da ban gaya miki ba, muryar Innarki ta ɓace mini tuni. Na san abin da take faɗa, amma ban jin sautin. A cikin kiɗan nan kawai nake jin ta. In ya ƙare, ta sake rasuwa ke nan, kuma wannan karon ni kaɗai ne a wurin.

Ke ce kika kwana a bayanta tana rera shi. Ko da ɗan guntu ya maƙale miki, ki taimaki tsohonki.

Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa da sa albarka. Ki yi haƙuri da munin rubutun. Ranar Litinin za a kwantar da ni a asibiti, likita bai ce kwana nawa ba.

Saƙon muryarki ya iso. Mai kemis ya hau da gudu har yana tuntuɓe, ya kara mini wayar a kunnen dama. Na ji kina cewa a wurin aiki kika ɓuya kika rera, kuma ba ki da tabbas. Na saurara sau goma sha ɗaya.

Ba zan yi miki ƙarya ba: ban sani ba ko shi ne. Farkon ma ya bar ni tun Juma'a, ko muryata da ke shafin in an kunna mini ban gane ta, ba ni da abin da zan gwada naki da shi. Na ji kiɗa mai daɗi, kamar na baƙo.

Sai dai abu ɗaya. A tsakiya kin tsaya kin ja numfashi inda babu dalilin tsayawa. Sarewar ba ta tsayawa a nan. Innarki ce take tsayawa, don daidai wurin take gyara goyo. Shekaru ina yi mata tsiya a kai, ina cewa tana ɓata wa tasha kiɗa. Wannan kam na gane shi.

Na sa an cire fil ɗin nan duka, an zuba a gwangwanin dalmar da nake liƙin waya da ita. Ɗaya na soka da hannuna, a kan ƙasarku.

Ki koya wa ƙaramarki kiɗan yadda kika rera shi. In wani ya ce akwai kuskure a tsakiya, kada ki gyara.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.