Ranar da Ƙasimu Ya Wuce Mu

Sabon Gari, Wudil
Yuni, 1999

Yaya Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Barakatu da yara. Ya aiki, ya ruwa a Kaduna? Mu nan damina ta kankama, shuka ta tsiro.

Ka gafarce ni da jinkirin amsa. Maiɗakina Saudatu ta yi ɓari. An sallamo ta, jiki da sauƙi, sai dai ba ta cika magana ba. Na fi so ka ji yadda aka yi daga wajena.

Ka tuna Ƙasimu da muka yi firamare tare? Ya yi wa wani ɗan kwangila na Lajawa yawon kamfe, da jam'iyyarsu ta ci sai mutumin ya ba shi dogon babur irin na malaman gona, mai tayoyi masu haƙora, salansarsa a sama. Tun ranar ba mu huta ba a majalisarmu ta gindin darbejiya. Kullum gardamar wanne ya fi a laka. Shi yana kiran ɗan roba-robana keken ɗinki, ni ina ce masa nasa raƙumi ne, in ya durƙusa sai an tara gari. A yi dariya a watse. Ni wasa na ɗauka.

Ka san ƙa'idar masu babur a hanyar Lajawa da damina: ba a wuce wanda ya faɗi, kuma in ƙorama ta kawo, a jira juna a kama a tsallakar. Ranar da aka rantsar da shugabannin ƙaramar hukuma, na ɗauko Saudatu daga gidan iyayenta za mu asibiti, saboda ciwon mara. An kwana ana ruwa. Na rage wa tayoyi iska, na bi a hankali ƙafafuna a ƙasa, ban taɓa birkin gaba ba, amma duk da haka tayar baya ta zame. Muka faɗi, jini ya ɓalle mata.

Sai ga Ƙasimu daga bayanmu, ya goyo ubangidansa cikin farar shadda. Na ɗaga hula, na kira sunansa. Ya rage gudu, Yaya, muka haɗa ido, sannan ya ƙara wuta. Lakar tayarsa har kan mayafinta. Mai amalanken shanu ne ya kawo mu bakin kwalta, lokacin an makara.

Yanzu yana gaya wa mutane bai ga kowa ba, wai ruwa ya rufe masa ido. Ruwan da ya ɗauke tun asuba. Ba na neman komai a hannunsa sai ya faɗi da bakinsa cewa ya gan mu, kuma sai ya faɗa.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙaninka,
Haladu

Agusta, 1999

Yaya Magaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan zazzaɓin Jamil ya sauka. Na sami wasiƙarka, na karanta nasiharka cewa in bar wa Allah. Na bar wa Allah cikin da ya zube. Ƙaryar ce na kasa bari.

Ƙorama ta cika yanzu, har ƙugu. A irin wannan ruwan babu wani babur da ke wucewa da kansa, dogo ko gajere. Sai a kashe, a zura sanda ta cikin tayoyi, a ɗaga a kafaɗa. Namu ƙananan mutum biyu ke ɗauka. Na Ƙasimu sai huɗu, su ma da nishi.

To masu acaɓar hanyar nan, in ka cire kaɗan, duk ta ajina suka bi. Ni na koya musu karatu, ni nake rubuta musu takardar neman aiki, har yau in sun gan ni sai sun sauka sun gaishe ni. Na tara su a zaurena, na ba su labarin kamar yadda na ba ka, ban ƙara ba ban rage ba. Anas, wanda ya fi su girma, ya ce in bar sauran a hannunsu.

Shekaranjiya na ga abin da idona. Muna ta kama wa juna, Ƙasimu na tsaye da raƙuminsa yana jiran a zo kansa. Aka gama, kowa ya tayar da nasa. Ya ƙwala wa Anas kira, shi kuwa ya waiwayo ya ce, "Wallahi Yallaɓai ban gan ka ba, ruwa ya rufe min ido." Rana kuwa tsaka, ko gajimare babu.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na shiga aji ina koyar da lissafi ina murmushi ni kaɗai, har yara suka tambaye ni ko an yi albashi. Ubangidan Ƙasimu ya fara neman wani mai kai shi Wudil. Dattawan majalisa sun zo biko, na ce musu maganar kalma uku ce, ya zo ya faɗa.

Saudatu na gaishe ku. Ta fara cin abinci sosai.

Ƙaninka,
Haladu

Satumba, 1999

Yaya Magaji,

Assalamu alaikum. Da fatan duk kuna lafiya. Gero ya nuna, za a aiko muku da tumu.

Ƙasimu ya zo. Girman kai ya sa ya gwada tsallakewa shi kaɗai da injin a kunne. A tsakiya babur ya sha ruwa ya mutu, ya kife, shi da ƙyar ya fito. Babur ɗin ya kwana a cikin laka, masu wucewa na kewaye shi. Ubangidan Ƙasimu ya aiko cewa in babur bai fito ba, zai karɓe abinsa ya ba wani.

Bayan la'asar na ji sallama. Na same shi a zaure, wando duk taɓo, takalmi ƙafa ɗaya. Ya fara da zancen ƙuruciya da zumunci. Ya koma zancen 'ya'yansa da abin da za su ci. Can ya sunkuyar da kai ya ce ya gan mu. Ya ga jinin ma. Ya ji tsoron kada shaddar mutumin ta ɓaci, ko su makara, a raba muƙamai babu su.

Na ce masa ba ni jini ya ɓalle wa a lakar ba, don haka ya ɗaga murya ta ji. Saudatu na tsakar gida tana daka. Ya maimaita, na ce ban ji taɓarya ta tsaya ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Sannan dakan ya tsaya. Sai ta ce daga ciki, "Na ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta ci gaba da dakanta.

Da safe na ce wa su Anas su je su ciro masa babur ɗin, kuma daga yau a riƙa kama masa kamar kowa, don ba na so su saba da wuce mutum. Sun haɗu su uku, suka ce in zo in cike na huɗu. Na raka su har bakin ruwa, na riƙe musu takalmansu, na ce su jira wani ya zo. Ita ta yafe, Yaya. Ni kafaɗata ba za ta shiga ƙarƙashin wannan babur ba.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Haladu