A Aiko da Makulli Kafin Ruwan Fari

Zuwa ga Babban Wakilin kamfanin da ke awon gyaɗa a Azare, wanda ke zaune a Kano.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ne Adamu tela, mai gidan soron nan da ke yamma da kasuwar Azare, wanda kamfaninku ya kama haya shekara uku ke nan, akawunku yana kwana a ciki, kuna ajiye sikeli da buhuna a shigifar. Sau biyu na aika maka da takarda ta hannun direban motar kaya, ban ji amsa ba. Shi ya sa na kawo maganar cikin jarida, ba don neman fitina ba, sai don na ji an ce jarida ba ta kwana a aljihun direba.

Na ɗaya. Ina so ka san da abin da aka gina gidan nan. Ba da kuɗin ɗinki ba ne, keken tela ba ya gina soro. Yayata Hajara, wadda ke zaune a wani ƙauye kusa da Giade, mijinta ya rasu ya bar mata shanu bakwai da 'ya'ya huɗu. Ni na je na zauna a gabanta na yi ta zuba mata zance, na ce gari yana cika da baƙi, gida ba ya ciwon huhu, ba a biya masa jangali. Bayan kwana biyu ta ba ni shanu biyar na sayar. Alkawarin da muka yi a gaban kawunmu shi ne, kowace shekara zan saya mata karsana ɗaya daga kuɗin haya har shanunta su koma cif, sannan gidan ya zama namu ni da ita. Zuwa yau na mayar da biyu, saura uku.

Na biyu. Ba na kukan kuɗin haya. Fam shida a shekara muka yi, kuma kun biya ba ƙwange. Kukana makulli ne. Shekara biyun farko akawunku Malam Isa mutumin Shira ne, ya san halin ƙasa. In an gama awo zai tafi, sai ya miƙo mini makulli ya ce in duba rufi. Bana kun aiko sabo, Malam Bello, mutum mai kirki da tsare salla, amma a gidan kwano ya tashi. Da aka rufe awo ya sa kwaɗo a zaure da shigifa, ya ajiye mai gadi a ƙofa, ya hau mota da makullan a aljihu. Na bi shi har tasha ina roƙo. Ya ce takardar da na sa wa hannu ta ce mai gida ba zai shiga ba muddin kayan kamfani suna ciki, shi kuwa ba zai saɓa takarda ba. Gaskiyarsa, haka ta ce. Ni ma da aka karanta mini ita a lokacin, ɗokin fam shida bai bar ni na ji wannan layin ba.

Na uku, kuma nan ne nake roƙo ka karanta a hankali. Ranka ya daɗe, wanda ya rubuta takardar nan yana zaton in an kulle gida an adana shi. A gidan kwano haka ne. Soro kuwa kamar dabba yake, yana son kiwo. Kowace bazara sai an hau sama an kankare abin da ya tsage, an sake yaɓe da ƙasa da makuba, an zazzage indararo don ruwa ya sami hanya. In ba a yi ba, ruwa ya kwanta a kai, ƙasa ta sha ta yi nauyi, azarar da ke riƙe da rufin ta karye. A garin nan ko tsohuwa mai ɗaki ɗaya ta san wannan.

Na hau rufin maƙwabcina na leƙa. Indararo biyu sun toshe, akwai tsaga a kusurwar gabas wadda hannuna zai shiga, tsakiyar rufin shigifa kuma ya ɗan lotsa. Magini Malam Ɗanladi ya ce lotsawar nan alamar gara ce ta ci azara, kuma ba zai ɗora mutanensa a kai ba sai an shiga an tokare ta daga ciki. Na riga na sayi makuba da jakin ƙasa ashirin, sule goma sha huɗu, ga su nan jibge a bakin katanga, awaki suna wasa a kai.

Na huɗu. Na bi duk ƙofar da na sani. Mai gadinku tsohon soja ne, ya ce oda oda ce, ko tsani na jingina zai kira ɗan doka. Mai unguwa ya tausaya mini, amma ya ce in na fasa kwaɗo aka ce buhu ɗaya ya ɓace, ba shi da bakin da zai cece ni a gaban alƙali. To, ina zan sa kaina? In na fasa, na zama ɓarawo a gidan da na gina. In na bari, in tsaya ina kallo ya zube. Shekaranjiya na ɗinke wa mutum hannun riga a baibai don ido yana kan allura, hankali yana gabas. Abokan rumfa har sun fara tsokanata, wai na zama mai duban hadari.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A aiko da makullan da motar farko da za ta taso, a ba mai unguwa, ya buɗe a gaban shaidu, a ƙirga kayanku, a yi aikin kwana huɗu, a sake kullewa. In makullan ba za su samu ba, a aiko da layi biyu da sa hannunka cewa an yarda in fasa kwaɗo, ni zan sayi sabo. Sannan a gyara takardar, a rubuta cewa kowace bazara mai gida zai shiga ya yi yaɓe, don ba ni kaɗai nake ba ku hayar soro a ƙasar Katagum ba.

Ranka ya daɗe, shamuwa ta iso, mutanen Shira sun ce an yi musu yayyafi. Malam Ɗanladi ya ba ni kwana goma, bayan nan zai tafi gonarsa. In rufin nan ya faɗi, ku sikeli da buhuna za ku rasa, a aiko muku da wasu daga Kano. Jiya Yaya Hajara ta aiko mini da man shanu, tare da tambayar ko ta gaya wa makiyayi ya fara duba mata karsanar bana. Na karɓi man na yi godiya. Matar da ta kawo saƙon tana gidana har yanzu, tana jiran amsar da za ta koma da ita.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare maka dukiyarka da amanar da ke hannunka, ya sa takardar nan ta riga hadari isowa.

Wassalam.

Ni ne mai jiran amsarka,
Adamu tela, Azare.